Ɗakin Baƙi Na Kwantena: Abin Da Bidiyon Minti Ɗaya Ba Ya Nunawa

Duk mai yawan leƙa TikTok ko YouTube ya taɓa cin karo da irin bidiyon nan. Babbar mota ta sauke tsohuwar kwantena mai tsatsa a bayan gida, a yanka ƙofa da taga, a shafa fenti, kafin minti ɗaya ya cika ta koma ɗakin baƙi mai gado da banɗaki da fitilu masu launi.

Da yawa daga cikin bidiyoyin daga Amurka suke fitowa, kuma akwai dalili. Tsadar haya ta sa jihar Kalifoniya ta sassauta dokar gina ƙaramin gida a bayan babba tun daga Janairun 2017. A 2020 aka ƙara wajabta wa hukumomin birane su amsa takardar neman izini cikin kwana 60. Da ƙofa ta buɗe, sai masu gidaje suka shiga neman hanya mai sauri, ido kuwa ya faɗa kan kwantena.

Ba don kwanan mutum aka ƙera ta ba. A Afrilun 1956 ne Malcom McLean, wani mai motocin dakon kaya, ya loda kwantena 58 a jirgin ruwa mai suna Ideal X daga Newark zuwa Houston. Mai ƙafa 20 ta yau faɗinta ƙafa 8 ne, nauyinta ba kaya ya ɗan haura tan biyu, filin cikinta kuma kusan murabba'in mita 14. Ƙarfinta ba abin musu ba ne, wanda ya ga filin wasa na 974 a gasar kofin duniya ta Katar a 2022 ya shaida.

Sai dai ƙarfin nan yana ginshiƙan kusurwa huɗu ne da kuma bangon nan mai lanƙwashe-lanƙwashe. Da zarar mai walda ya yanke babbar taga, an rage wa jikin ƙarfi, dole a kewaye wurin da sabon ƙarfe, in ba haka ba rufi ya soma lotsawa. Rufin ma siriri ne, don haka faifan sola na buƙatar nasu firam.

Babbar matsalar ita ce zafi. Ƙarfe na ɗaukar zafi nan take ya watsa shi ciki. Wanda ya taɓa tsayawa a shagon kwantena a Kano ko Sakkwato cikin watan Afrilu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, ba sai an yi masa bayani ba. Da dare kuma in ƙarfen ya huce, tururin numfashi da na wanka ya koma raɓa a jikin bango, daga nan sai tsatsa da fumfuna. Maganin da aka fi yi shi ne fesa kumfar polyurethane a ciki. Tana aiki, amma tana da tsada, kuma tana cin wuri. Faɗin ciki dama mita 2.35 ne kacal. A cire kaurin kumfa da na allon bango, a sa gado, abin da ya rage ɗan lungun wucewa ne. Shi ya sa masu bidiyon ke son kyamara mai buɗe kusurwa! Wanda ya san aikin yakan ƙara rufin kwano a sama da tazara don iska ta ratsa, ya kuma nemi doguwar nan mai tsayin ƙafa tara da rabi.

Ga wata da ta shafi masu waya kai tsaye: akwatin ƙarfe yana tare igiyoyin rediyo. Sabis yakan ragu sosai a ciki, Wi-Fi na babban gida ma da ƙyar yake ratsawa. Tagogi na taimakawa, amma abin da ya fi tabbas shi ne a ja kebul daga babban gida a sa rauta a cikin ɗakin. Wayarin kuwa ba na ɗan koyo ba ne. Bango da rufi duk ƙarfe ne, waya ɗaya ta ɓare, ɗakin gaba ɗaya ya ɗauki wuta, don haka dole a haɗa jikin kwantenar da sandar da aka binne a ƙasa.

Kuɗin kwantenar ne kawai ake rubutawa a kan bidiyo. Ba a lissafa dakonta, da hayar motar ƙugiya da za ta ɗaga ta, da ginshiƙan siminti, da famfo da ramin masai, da izinin gini. A unguwar da lungu bai ɗaukar tirela, zancen ya ƙare tun kafin a fara. Inda bulo da leburori ke da araha, ɗakin bulo mai wannan girman na iya fin sauƙi. Inda kwantena ta yi zarra shi ne ana iya ɗauke ta a tashi da ita.

Mai niyyar saye ya fara duba ɗan farantin ƙarfen da ke jikin ƙofa, wanda ake kira CSC. Yana ɗauke da shekarar ƙira, sau da yawa har da sunan maganin ƙwarin da aka jiƙa katakon daɓen da shi. Katakon nan ko dai a cire shi ko a shafe shi da abin da zai toshe shi ruf kafin kowa ya kwana a kai. Sannan ya shiga ciki da rana tsaka, a rufe masa ƙofa. Duk inda haske ya leƙo, nan ruwan damina zai bi.