Bitar Kwana Biyu Da Ke Koya Wa Masu Bincike Sarrafa Alƙalumansu

Duk wanda ya taɓa rubuta kundin digiri a ƙasar nan ya san inda gizo yake saƙa, watau babi na huɗu. Ɗalibi zai sha rana yana bin ƙauyukan Tsafe da Bunguɗu da takardun tambaya, ya tara amsoshin mutum ɗari uku ko huɗu. Sa'an nan sai ya kwashe su duka ya kai wa wani mai shagon kwamfuta, a Sabon Garin Gusau ko wani wuri, ya biya kuɗi a yi masa lissafi da manhajar SPSS. Bayan kwana uku sai a miƙo masa jadawali masu ƙyalli. In mai jarrabawa ya tambaye shi yadda aka sami adadi kaza, sai ido ya raina fata. Waɗansu malaman ma haka suke yi, sai dai ba a faɗa.

Kada mai karatu ya zaci wannan ciwo namu ne mu kaɗai. A shekarar 2010 waɗansu shaihunan malamai biyu na Jami'ar Harvard, Carmen Reinhart da Kenneth Rogoff, suka fitar da bincike mai nuna cewa tattalin arzikin ƙasa yakan durƙushe in bashinta ya haura kashi 90 cikin ɗari na abin da take samarwa a shekara. Manyan 'yan siyasar Turai da Amurka suka riƙa kafa hujja da shi wajen tsuke bakin aljihu. Sai a 2013 wani ɗalibi, Thomas Herndon, ya karɓi jadawalinsu na Excel, ya tarar an tsallake ƙasashe biyar wajen lissafi. Abin da ya tona kuskuren shi ne an sami mai iya bin sawun lissafin daga tushe.

Wannan bin sawu shi ne ainihin amfanin rubuta wa na'ura umurni. Wanda ya yi aiki da danne-danne, bayan wata shida shi kansa ba zai tuna abin da ya danna ba. Amma wanda ya rubuta umurninsa layi-layi da harshen R ko Python, ya bar shaida. Kowa na iya maimaitawa ya ga ko zai sami amsa ɗaya. Ga shi kuma duka biyun kyauta ne, ba kamar SPSS mai lasisin kuɗi ba.

To, wa zai koyar? A 1998 Greg Wilson da Brent Gorda suka fara koyar da masana kimiyya a ɗakin bincike na Los Alamos a Amurka, da sunan Software Carpentry. Reshen sarrafa bayanai, Data Carpentry, ya zo a 2014, kuma a 2018 suka haɗe suka zama The Carpentries. Tsarinsu ba shi da wani ƙawa. Bita ce ta kwana biyu, malamanta kuwa masu bincike ne 'yan sa-kai. Malami ba ya karanto lacca. Yana rubutu a allo, ɗalibai na bin sa a injinansu, in ya yi kuskure ya gyara a gabansu, su ga kuskure ba abin kunya ba ne. Kowane ɗalibi yana da 'yan takardu masu manne kala biyu. Wanda ya maƙale sai ya liƙa ja a murfin injinsa, mataimaki ya zo gare shi ba tare da ya ɗaga murya ba. Lalle wannan dabara ta dace da mu, inda babban malami zai gwammace ya koma gida bai gane ba da ya yi tambaya a gaban ɗalibinsa.

A Arewa ma an ɗauki irin wannan hanya. Dokta Shamsuddeen Hassan Muhammad, wanda ya koyar a Jami'ar Bayero ta Kano, da abokan aikinsa sun kafa Arewa Data Science Academy, suna koyar da Python da sarrafa bayanai kyauta. Shi ne kuma ya jagoranci aikin NaijaSenti na 2022, inda aka tantance saƙonnin Twitter wajen 30,000 a kowane ɗaya daga harsunan Hausa, Ibo da Yarbanci, da kuma waɗansu da ba su kai haka ba a Turancin buroka, domin na'ura ta koyi bambanta yabo da suka.

Zamfara tana da Jami'ar Tarayya ta Gusau tun 2013, ga Kwalejin Ilmi ta Tarayya a Gusau, ga ta kiwon lafiya a Tsafe. Masu koyo ba su yi kaɗan ba. Amma dogaro da darasin intanet kaɗai ba zai fisshe mu ba, domin ba a manta da watan Satumba na 2021 ba, lokacin da aka katse layukan sadarwa a faɗin jihar saboda 'yan bindiga. R da Python kuwa, da zarar an sa su a inji, suna aiki ko babu intanet, darussan The Carpentries kuma an yarda kowa ya kwafa ya fassara. Abin da ake bukata ɗaki ne mai janareta, da malami biyu, da mataimaka uku ko huɗu. Kuɗin wannan bai kai na liyafar bikin yaye ɗalibai guda ba, kuma shugaban tsangaya na iya sa hannu a kansa ba sai takarda ta je Abuja ba.