Balas Ba Riba Ba Ne: Lissafin Masu A-Daidaita-Sahu

A Kano, mai a-daidaita-sahu goma yakan karɓi balas kowace yamma, ya ga kuɗi sun taru, ya ɗauka duk riba ce. Sai ranar da injin ɗaya ya buga, ido ya raina fata.

Tun da gwamnatin jihar ta hana acaɓa a 2013, masu jari suka karkata ga keken nan mai ƙafa uku. Da yawansu kuwa jimilla kawai suke rubutawa. Nan gizo ke saƙar, domin keken da ke yawan kwana wurin bakanike yana cinye ribar sauran ba tare da an ankara ba.

Masu lura suna ware wa kowane keke shafinsa: balas ɗin da ya kawo, juyen baƙin mai, taya, kuɗin takardu, da kwanakin da bai fita ba. Sannan kullum su ajiye wani abu na sayen sabo, tunda keke tsufa yake yi.

Janye tallafin fetur a watan Mayun 2023 ya ƙara tsananta lamarin. Direba ne ke sayen mai, amma idan ya kasa cika balas, asarar kan mai keke take komawa.