Malam Mamman Barka da biram

A Tesker, cikin jahar Damagaram, aka haifi Malam Mamman Barka. Malamin lakkol ne kafin gurumi ya fid da sunansa ko'ina cikin Nijar.

A shekara ta 2002, da taimakon UNESCO, ya tafi bakin tabkin Cadi wurin Bukar Tar, tsohon da ake cewa shi kaɗai ya rage mai kaɗa biram, abin kiɗan Buduma masunta, mai tsirkiya biyar da siffar jirgin ruwa. Ya zauna ya koya. A 2009 faifansa na biram ya fito a Ingila.

A ganinmu, nan aikinsa ya fi nauyi: makaɗan gurumi suna da yawa, biram kuwa saura kaɗan ya bi tsohon nan kushewa. Allah ya yi wa Malam rasuwa a Yamai a 2018.