Yadda Ake Haɗa Kwamfutocin Ofis Su Yi Tarayya da Firinta Guda

Sau da yawa akan tarar da kwamfuta uku ko huɗu a ofishin hakimi, amma firinta ɗaya ce tak. Duk malamin da ya gama rubutu sai ya kwashe shi a filas, ya je ya tsaya a kan ɗan'uwansa har ya ba shi wuri. Ta haka aiki ke jinkiri, ta haka kuma cutar kwamfuta ke yaɗuwa daga wannan zuwa waccan. Maganin abin shi ne a haɗa su duka.

Ga yadda ake yi. Akan sayi wani ɗan akwati da ake kira suwic, mai ramuka biyar ko takwas. Daga kowace kwamfuta a jawo waya zuwa gare shi, haka kuma daga firinta. Kada tsawon waya guda ya wuce mita 100, gama daga nan saƙo yakan raunana. Sunan wannan dabara Ethernet, a kamfanin Xerox na Amurka aka ƙago ta cikin 1973.

Kowace na'ura tana da lambarta, misali 192.168.1.20, wadda saura ke nemanta da ita. Lalle ne a ba firinta lamba tsayayya, a rubuta a littafin ofis, domin in ta sauya, malamai za su yi ta aikawa, ba abin da zai fito. In kuwa firinta ba ta da ramin wayar, sai a jona ta da kwamfuta guda, a buɗe wa saura hanya. Amma duk sa'ad da aka kashe wannan kwamfuta, aikin kowa ya tsaya.

Faks kuwa shi ne aika hoton takarda ta layin tarho. Akwai firintoci masu faks a jikinsu, in an jona musu layi kowane malami yana iya aikawa daga mazauninsa. Sai dai tun da wayar salula ta GSM ta shigo Nijeriya cikin 2001, layukan tarho na gida suka yi ta mutuwa. Inda babu layi, sai a ɗauki hoton takardar da sikana, a aika ta imel.

Saura abu guda, shi ne mafi nauyi, wato amana. Takardar rikicin iyakar gona, ko ta naɗin dagaci, in ta fito aka bar ta kwance, masinja ko baƙo zai karanta, magana ta cika kasuwa tun hakimi bai sa hannu ba. Saboda haka ya kamata a ajiye firinta a ɗakin magatakarda, kowane malami ya riƙe kalmarsa ta sirri, wanda ya aika takarda kuma ya tashi nan take ya ɗauke ta.