Mutum Ya Fi Tsarabarsa

Karatu: Farawa 32 da 33, Rut 1

 Yau za mu yi magana a kan wanda ya daɗe a ƙasar waje ya komo gida, da kuma mutanen gidan da za su tarye shi.

Komowa daga ƙasar waje ba baƙon abu ba ne a nan Bauchi. A 1945 Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya tafi karatu Landan, a 1946 ya komo Bauchi ya ci gaba da aikin ilimi. Ya zama Firayim Minista a 1957, amma da aka kashe shi a 1966, gida aka kawo shi, kabarinsa yana nan cikin garinmu. Sai dai ba kowa ne ke komowa da takardar shaida a hannu ba. Daga ƙarshen 2017 an yi ta kwaso dubban 'yan Nijeriya daga Libiya a jirgin sama, da yawansu ba su da kome sai rigar da ke jikinsu. A watan Afrilu na 2023 yaƙi ya ɓarke a Khartoum, aka kwashe ɗalibanmu a motoci zuwa iyakar Masar, daga can jirage suka kawo su Abuja, karatu bai ƙare ba. Wani yakan dawo cike, wani yakan dawo hannu wofi. Littafi Mai Tsarki ya nuna mana dukansu biyu.

Wanda ya komo cike

Yakubu ya bar gida da gudu, domin ya yaudari wansa Isuwa, ya karɓe albarkar ɗan fari. Da sanda kaɗai ya haye Urdun. Ya yi shekara 20 a wurin kawunsa Laban a Haran, ya sami iyali da garkuna masu yawa. Amma da ya kama hanyar gida, aka faɗa masa Isuwa yana zuwa da mutum 400, sai tsoro ya rufe shi. Shekara 20 ba ta shafe laifin ba, dukiya kuma ba ta biya shi ba.

Me Yakubu ya yi? Ya tura tsaraba gaba. Idan muka lissafta dabbobin da aka ambata a Farawa 32, awaki da tumaki da raƙuma da shanu da jakai, za mu sami 550, ban da 'ya'yan raƙuman. Duk da haka bai iya barci ba. A daren nan ya saura shi kaɗai a bakin rafin Yabbok, ya yi kokawa har wayewar gari, ya tashi yana ɗingishi. Da ya hangi wansa, ya wuce gaban iyalinsa, ya rusuna har ƙasa sau 7. Isuwa kuwa ya sheƙo a guje, ya rungume shi, suka yi kuka tare. Da aka zo kan dabbobin, da fari Isuwa ya ƙi karɓa, ya ce abin da yake da shi ya ishe shi. Sai da Yakubu ya matsa masa. Ƙanensa yake so ya gani, ba garke ba.

Ɗan'uwa da ke can nesa, kana aiko da kuɗi kowane wata, madalla, Allah ya ƙara buɗi. Amma idan akwai wanda ka ɓata wa rai kafin ka tafi, kuɗi ba za su roƙi gafara a madadinka ba. Hausawa sun ce zumunci a ƙafa yake. Kada kuma ka ce sai ka gama tarawa tukuna. Rifkatu ta sallami Yakubu da nufin ya yi 'yan kwanaki, amma Nassi bai nuna mana sun sāke ganin juna ba. Tsofaffinmu ba za su jira mu har abada ba.

Wadda ta komo hannu wofi

Yunwa ce ta fitar da Na'omi daga Baitalami zuwa ƙasar Mowab, tare da mijinta Elimelek da 'ya'yansu biyu, Malon da Kiliyon. Cikin wajen shekara 10 ta binne su duka uku. Da ta komo, gari ya ɗauka, mata suna tambayar juna ko ita ce kuwa. Ta ce su daina kiranta Na'omi, wato mai daɗi, su kira ta Mara, wato mai ɗaci, gama a ganinta ba ta dawo da kome ba.

Amma akwai mutum tsaye kusa da ita sa'ad da take faɗin haka. Rut ce, matar ɗanta, wadda ta bar ƙasarta da danginta ta biyo ta. Baƙin ciki ya hana Na'omi lissafta ta. Sun iso a farkon kakar sha'ir, Rut ta fita kala, Bo'aza danginsu ya bar mata hatsi a gona, daga baya ya ɗauki nauyin gidan. A ƙarshen littafin, matan garin nan ne suka shaida cewa Rut ta fi wa Na'omi 'ya'ya maza 7. Jaririn da aka haifa, Obida, shi ne kakan Sarki Dawuda, ta zuriyar nan kuma Mai Cetonmu ya zo.

Muna tunawa da wani saurayi a wata ikilisiya da muka yi hidima. Mahaifinsa ya sayar da gona ya ba shi kuɗin hanya. Bayan shekara biyu aka dawo da shi, bai sami ƙetare teku ba. Kunya ta sa ya zauna wurin wani aboki a Kano wata huɗu, iyayensa suna ta makoki, suna tsammani ya mutu a hamada. Ran da muka raka shi gida, uwar ba ta yi zancen gona ba. Ta shafa kansa, ta ce, “Ɗana, ka ci abinci kuwa?” Uban ya ɗauki kwanaki kafin ya buɗe baki, amma da damina ta faɗi, tare suka yi noma a gonar aro.

Abin da ya rage gare mu

Mu da muke gida, bari mu bincika zukatanmu. Idan namu ya sauka daga mota, fuskarsa muke fara dubawa ko jakarsa? Sau nawa tambayar “Me ka kawo mana?” takan riga “Yaya gajiya?” fitowa? Irin wannan tarya ce take sa waɗansu su ci bashi domin su sayi tsaraba, waɗansu kuma su gwammace su lalace a baƙuwar ƙasa da su sha dariya a unguwa. Ikilisiya ma tana da nata laifi idan ta ba mai kuɗin waje kujerar gaba, ta bar wanda aka koro a bakin ƙofa. Bari dattawa da zumuntar mata su ziyarci irin waɗannan, a ji ta bakinsu, a nema musu sana'a, kamar yadda Bo'aza ya buɗe gonarsa.

Dalilinmu shi ne, haka Allah ya karɓe mu. A Luka 15 Ubangiji Yesu ya ba da misalin ɗan da ya ɓatar da gādonsa a ƙasa mai nisa. Tun yana daga nesa ubansa ya hango shi, ya ruga ya tarye shi, bai nemi lissafi ba. Ba wanda ya taɓa zuwa wurin Allah da tsaraba. Dukanmu hannu wofi muka zo, Almasihu ne ya biya a kan gicciye. Mai sauraro, idan ka yi nisa da gidanku, ko ka yi nisa da Allah, ƙofa tana buɗe yau.

Bari mu yi addu'a. Ya Ubanmu na sama, ka kiyaye namu da suke baƙunci a ƙasashen duniya. Ka ba mai laifi ƙarfin halin neman gafara, ka ɗauke kunya daga wanda ya rasa kome. Ka koya mana mu yi murna da mutum fiye da kayansa. Cikin sunan Yesu muka roƙa. Amin.