Wurno: Na je neman ganuwar Bello, na tarar da gonar albasa

Yau daga gabashin Sakkwato nake ɗauke da labari.

Tun muna makaranta ake gaya mana cewa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ɗan Shehu Usmanu, a Wurno ya rasu a 1837, kuma a nan hubbarensa yake. Abin da ba a cika bayyana mana ba shi ne: me ya fitar da shi daga birnin Sakkwato ya koma can? Wannan tambayar ce ta sa na hau mota, muka bi ta Acida muka shiga Wurno da hantsi.

Amsar kalma ɗaya ce: ribaɗi. Ribaɗi gari ne da ake kafawa a bakin iyaka, a kewaye shi da ganuwa, a zaunar da mayaƙa da malamai da manoma a ciki, su zama garkuwa ga na bayansu. Ku tuna, Alƙalawa, babban birnin Gobir, ta faɗi a 1808, aka kashe Sarki Yunfa, amma Gobirawa ba su ajiye makami ba. Har 1836 sai da aka gwabza a Gawakuke. To ta kwarin Rima hari ke zuwa, shi ya sa Bello ya tare a kan tudun da ke kallon kwarin. Idan ka tsaya a saman nan ka hango fadama shimfiɗe a ƙasa, ba sai wani ya yi maka lacca ba, da idonka za ka gane dabarar.

Kuma fa garin ba ƙaramin wuri ba ne a zamaninsa. Ɗansa Aliyu Babba, wanda ya yi sarauta daga 1842 zuwa 1859, mafi yawan zamansa a nan ya yi. Baturen Jamus ɗin nan Heinrich Barth, da ake kira Abdulkarim, ya zauna Wurno a 1853. Rabah ma da ke kusa, inda aka haifi Sardauna Ahmadu Bello, zuriyar gidan ce ke riƙe da ita.

Bayan na yi ziyara a hubbare, sai na ce wa wani dattijo ya nuna mini ganuwa. Ya dube ni ya yi dariya, ya ce, "Ɗana, ai kana bisanta." Wallahi na ɗauka wasa yake. Wani tudun jar ƙasa ne, awaki na hawa suna sauka, daga can ƙasa kuma ga albasa da tafarnuwa kore shar.

A nan nake so mu ɗan tsaya, don mutane da yawa na cewa ginin ƙasa ba ya ƙarko. Ba haka ba ne. Ginin ƙasa kamar dabba yake, sai ana ciyar da shi. Ana kwaɓa ƙasa da ciyawa, a yi tubali, a jera, a yaɓe. Damina na zuwa ta wanke yaɓen sama, ruwa ya kwanta a gindi ya riƙa cinsa. Da rani sai a yi gayya, kowace unguwa da ɓangarenta, a sake yaɓe. Ranar da aka daina gayyar nan, ranar ginin ya fara mutuwa. Bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903, yaƙe-yaƙe suka tsaya, babu mai ganin dalilin wahalar da kansa a kan ganuwa. Mai neman ƙasar gini ya ɗiba, mai gona ya matsa kaɗan, ruwa ya ƙarasa sauran.

Ku kwatanta da hasumiyar masallacin Agadas a Nijar. Ita ma ƙasa ce, tsayinta mita 27, an sake gina ta a 1844, tana nan tsaye har yau, tun 2013 ma tsohon garin ya shiga jerin kayan tarihin duniya na UNESCO. Itatuwan nan da kuke gani sun fito a jikinta ba ado ba ne kawai, a kansu magina ke takawa su yi gyara. Haka hasumiyar Gobarau a Katsina, gyara ne ya riƙe ta. Ƙasar iri ɗaya ce, hannun da ke komawa kanta ne ya bambanta.

Abin da ya fi tsaya mini a rai kuwa, niyyata in wuce Goronyo in ga madatsar ruwa, daga nan in ƙarasa kufan Alƙalawa a ƙasar Sabon Birni. Direbanmu ya girgiza kai, ya ce, "Malam, la'asar ta gabato, ni ban bin hanyar nan yanzu." Kun san halin da ake ciki da 'yan bindiga. Ina tsaye a kan ragowar ganuwar da aka gina don tsare wannan kwarin, ga shi tsoron hanya ya hana ni ƙetare kwarin.

Muka yi sallah, na sayi ƙullin tafarnuwa, muka juyo Sakkwato da sauran rana. Alƙalawa tana nan a lissafi, in Allah ya kawo sauƙin hanya za ku ji ta a nan. Sai mun haɗu a shiri na gaba.