Darasi Daga Gaɓar Tekun Ailan

A 2023 na tsallaka daga Holyhead zuwa Dublin a jirgin fito, tare da motar haya mai ɗakin kwana da madafa. Daga nan na nausa yamma, na hau Wild Atlantic Way, hanyar kimanin kilomita 2,500 da ke bin gaɓar Atilantika. Duwatsu da raƙuman ruwa sun ƙayatar da ni, amma allunan hanya ne suka tsaya mini a rai. A yankunan Gaeltacht, da harshen Airish kaɗai ake rubuta sunayen garuruwa, alhali ƙidayar 2022 ta nuna masu magana da shi kullum a wajen makaranta ba su kai 72,000 ba. Mai karatu, mu da miliyoyinmu ke jin Hausa, me ya hana allunanmu magana da ita?